Tara fokas: yadda za ka ɗauki hoton fadama ya fito tas tun daga gaban ƙafarka har ƙarshen gani

Akwai abin da ya daɗe shina damuna game da hotunan da muke ɗauka na garuruwanmu. Mu masu kamara a nan Kabi mun iya hoton biki, mun iya sa amarya ta fito baya ya narke, amma da an ce je ka bakin kogin Matan Fada a Argungu ko fadamar shinkafa ka ɗauko mana ƙasar ita kanta sai hoton ya dawo rabi da rabi, in gaba ya fito to giginyun can nesa sun zama awa hayaƙi, in nesa ta fito to abin da ke gabanka ya dushe. Na daɗe ina ɗora laifin a kan lens ɗina, wanga 18-55 da ke zuwa tare da kamara, har na fara adashen sayen wani, ashe abin da nake nema ba sabon lens ne zai ba ni shi ba.

Dabarar Turawa na kiranta fokas istakin, ni tara fokas nake ce mata. Ka kafa kamara wuri ɗaya ba ta motsi, ka ɗauki hoto uku ko huɗu ko biyar na abu ɗaya, kowane ka sa fokas a wani nisa daban, na farko kusa, na biyu gaba kaɗan, har zuwa can ƙarshe, sannan a kwamfuta ka ɗebi wurin da ya fito tas a kowanne ka haɗa su hoto guda. Shi ke nan. Amma wallahi mafi yawan aikin a fili yake, in ka yi sakaci a bakin ruwa babu Photoshop ɗin da zai cece ka.

Me ya sa ba za a matse ƙofa kawai ba?

Na san abin da wani zai ce, ai sai ka kai f/22 komai ya shiga, f ɗin nan shi ne ma'aunin ƙofar haske da ke cikin lens, in lambar ta ƙaru ƙofar ta ƙara matsewa. Gaskiya ne matse ƙofar haske na ƙara zurfin wurin da ke fitowa, amma da tsadarsa. Haske in an tilasta shi bi ta ƙanƙanin rami sai ya bazu kafin ya sauka kan sensa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ba inda ya dushe sosai kuma ba inda ya yi kaifi. A kamarorinmu masu ƙaramar sensa irin Canon 600D da 700D ko Nikon D3200 da D5300 abin na fara nunawa da ka wuce f/11, a f/22 kuwa ko ba ka zuƙo ba, za ka gane. Ga kuma ƙurar hunturu da ke kwance kan sensa, a f/8 da ƙyar take bayyana, a f/22 kowane ɗigo sai ya fito baƙi a sararin sama. Don haka ni f/8 nake tsayawa, in abin gaban ya yi kusa ƙwarai in koma f/11.

Bari in ba ka lissafi don ka ga inda matsalar take. Ka ce zum ɗinka na kan 18mm da f/8 a irin waɗannan kamarori. In ka sa fokas a mita 2, komai daga wajen mita 1 har ƙarshen gani zai fito daidai gwargwado. To in babu abin da ya fi mita 1 kusa da kai, ɗan uwa kada ka wahalar da kanka, ɗauki hoto guda ka wuce, mafi yawan hotunan da ake ɗauka a tsaye ba su buƙatar wata tara fokas. Amma ka durƙusa, ka kawo kamara kusa da goran masunci ko tsagaggiyar laka ta fadama, abin na santimita 40 daga gare ka. In ka sa fokas a kansa abin da zai fito daga santimita 33 ne zuwa 50, taƙi ɗaya ke nan na hannu, sauran duk sun tafi. Ka matsa fokas zuwa santimita 60 ka samu daga 46 zuwa 85. Ka kai mita 1 ka samu daga 67 zuwa kusan mita 2. Ka kai mita 2 ka samu sauran. Hoto huɗu ke nan, kuma ka lura kowanne ya hau kan na gabansa, wanga hawan shi ne ran aikin duka. Ka kuma lura a kusa taku gajere ake yi, can nesa kuma dogo. Ni ina ƙara na biyar a kan itatuwan ƙarshe, saboda lissafin nan an yi shi ne don hoto madaidaici, in za ka wanke babba na rataye ga bango za ka so nesan ta fi haka kaifi.

Kayan aiki

Sitan mai ƙafa uku dole ne. Ba sai mai tsada ba amma kada ya zama mai rawa, in naka na da sauƙin nauyi kada ka zaro sandar tsakiya, ka buɗe ƙafafun ka yi ƙasa da shi, dama ƙasa muke so. Sai batir cike domin sikirin zai daɗe a kunne, da memori mai fili, da ɗan salatif. Sai kuma ƙananan katakai uku masu faɗin tafin hannu, waɗannan na koye su ne da wahala. Wata safiya na kafa sitan a gefen fadama inda ƙasa ke da damshi, na ɗauki jerin hotuna biyar lafiya lau a ganina, da na koma gida na ɗora su sai na ga kowane hoto ya ɗan karkace fiye da na bayansa, ashe ƙafa ɗaya na ta nutsewa cikin laka a hankali. Na yi asarar hasken ranan, abin ya yi mani ciwo don gajimaren da anka yi da safen nan ban sake samun irinsa ba. Tun daga nan nake sa katako ƙarƙashin kowace ƙafa, in danna da ƙarfi, in jira kamar minti ɗaya kafin in fara.

Wasu kamarori na yin matsar da fokas ɗin da kansu, Nikon D850 da ta fito 2017 na da shi da sunan Focus Shift Shooting, Canon RP da 90D na 2019 na da Focus Bracketing, Sony A7R V ta 2022 ita ma haka. In kana da irinsu madalla, ka sa fokas a abu mafi kusa ka zaɓi adadin hotuna ta yi sauran. Amma ni da hannu zan yi bayani don shi ne abin da ke hannun yawancinmu, kuma ga hoton fili da hoto huɗu ko biyar ya isa, hannu ba ya rage komai.

Iska, da lokacin fita

Babban abokin gabar wanga aiki iska ce. Tunda hotuna da yawa za a haɗa, duk abin da ya motsa tsakanin na farko da na biyu zai fito biyu-biyu ko a yanke, kuma ganyen shinkafa ko numfashi ka yi sai ya kaɗa. Shi ya sa nake fita da an sallame Asuba, in isa wurin kafin rana ta ɓullo, lokacin iska na kwance. A hunturu rana kan fito wajen ƙarfe 7 a Argungu, da ta ɗan ɗaga iska ta taso an gama. Kuma hazo in ya yi kauri ka sani tara fokas ba ta maganinsa, giginyar da hazo ya rufe ko ka sa mata fokas dubu haka za ta fito, haka ma tsakar rana da bazara in kawalwalniya na rawa bisa ƙasa. Mafi kyawun sarari da nake samu shi ne safiyar da ta biyo bayan ruwan dare da damina, iska ta wanku, kana hango nesa tar.

Ka zaɓi abin gaba wanda ba ya motsi, gora, homa da anka shanya, kwale-kwalen da anka ja bisa tudu, dutse, saiwar kuka. Kwale-kwalen da ke kan ruwa ko a ɗaure yake shina lilo, furen bado ma haka. Ranar bikin kamun kifi kuwa ka manta da wanga dabara gaba ɗaya, wurin da dubban mutane ke faɗawa ruwa lokaci guda hoto ɗaya ake yi da sauri.

Sannan don Allah ka yi sallama ka nemi izini. Kayan mutane ne, gonar mutane ce, kada ka taka shuka don neman kusurwa. Wani dattijo da na roƙa in ɗauki goransa sai da ya dube ni ya ce, “Yaro, mi kaka nema ga wanga tsohon gora?” na ce Baba kyau ya yi mani, ya ce to bisimilla, har ya gyara mani zaman homar. Kuma kowa ya san halin da ake ciki na tsaro, kada neman hoto ya kai ka dajin da ba ka sani ba da duhun asuba, ka tsaya kusa da gari, ka tafi da ɗan wurin.

Saita kamara

Ka fara tsara hoton tukuna, ka gama shawara da kanka a kan me zai shiga me zai fita, domin da ka fara jeri ba sauran taɓawa. Ka bar ɗan fili a kowane gefe fiye da yadda kake so, dalili shi ne lens in ana juya fokas ɗinsa girman hoton na ɗan canjawa, shina shiga shina fita awa mai numfashi, in kwamfuta ta zo daidaita su sai ta ci gefe-gefe, to in kan gora na dab da bakin hoton sai a yanke shi.

Ka juya zuwa M, inda kai ke saita komai da hannu. ISO 100, f/8, sannan ka nemi saurin shota da zai ba ka haske daidai, tunda kana kan sitan ko ya yi jinkiri ba damuwa in dai babu iska. Ka cire daidaita launi daga Auto ka ajiye shi a Daylight don kada wani hoto ya fito ja wani shuɗi. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kamara ba ta gyara ba. Ka kashe maganin rawar hannu da ke jikin lens, IS a Canon, VR a Nikon. Ka maida lens ɗin MF, wato fokas na hannu. Ka manna salatif a zoben zum, domin irin lens ɗinmu in ya tsufa zoben na sulɓewa, kana juya na fokas yatsa ya goge shi daga 18 ya koma 19 ba ka sani ba. Ka sa taima ta daƙiƙa 2 don hannunka ya bar kamara kafin ta ɗauka.

Ɗaukar jerin

Kafin hoton farko ka sa tafin hannunka gaban lens ka ɗauka, in ka gama jerin ka sake. In ka koma gida da hotuna tamanin masu kama ɗaya wanga hannu shi zai nuna maka inda kowane jeri ya fara da inda ya ƙare.

Ka kunna sikirin, ka kai ɗan akwatin fokas da ke kansa bisa abu mafi kusa da zai fito a hoton. A nan mutane ke kuskure, sai su sa a kan goran alhali ƙasar da ke can gindin hoton ta fi goran kusa, to daga gindin hoton za ka fara. Ka zuƙo, a Canon madannin na kai ka sau 5 sannan sau 10, ka juya zoben a hankali har ƙwayar yashi ta fito, ka saki, ka danna. Sai ka duba hoton da ka ɗauka, ka zuƙo ka bi shi sama-sama har inda kaifin ya fara mutuwa, ka riƙe wurin a ranka, fokas na biyu a nan za ka sa shi ko ma ka ɗan dawo baya kaɗan. Haka za ka yi ta yi. Zoben fokas na 18-55 gajere ne, ɗan taɓi kaɗan ya yi tsalle mai nisa, in ya gagare ka to ka maida AF ka riƙa matsar da akwatin da madannai kamara ta kama da kanta, duk ɗaya ne, sai dai ka riƙa danna madannan da sauƙin hannu.

Na ƙarshe ka sa shi kan abu mafi nisa mai siffa, bishiya ko hasumiyar masallaci. Kada ka murɗa zoben har ya tsaya ka ce ai nan ne ƙarshe, lens da yawa na wuce ƙarshen gani in an kai su bango, sai komai ya dushe.

Ka yi sauri ba tare da gaggawa ba, hasken fitowar rana na canjawa cikin minti biyu, jerin duka bai kamata ya wuce minti ɗaya ko biyu ba in hannu ya saba. In sama ta fi ƙasa haske sosai, bayan na ƙarshe ka ƙara saurin shota ka ɗauki wani mai duhu don saman kawai, fokas na nan inda yake, f ɗin ma kada ka taɓa. In kuma akwai ganye a gaba iska na ɗan taɓa shi, ka ɗaga ISO zuwa 400 ka ƙara saurin shota daidai da haka, ka jira ta lafa ka danna, gara ɗan ƙura-ƙuran ISO da ganye biyu-biyu.

Sannan kada ka ɗaga sitan sai ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ka tabbata babu rami tsakaninsu. Ramin shi ne wurin da na biyu ya ƙare na uku bai fara ba, in ya faru za ka ga wani ɗamara mai dishi-dishi ya ratsa tsakiyar hoton, gaba tas baya tas, kuma ido nan yake fara sauka. Babu gyaransa a gida. In kana shakka ka sake jerin duka da taku gajere, ni kullum jeri biyu nake yi ko na farko ya yi kyau.

A kwamfuta

In kana da Lightroom ka gyara hoto ɗaya, haske da launi da gyaran lens, ka goge ɗigon ƙura, sannan ka zaɓi sauran ka danna Sync don duk su zama iri ɗaya. Lightroom ba ya haɗawa da kansa, sai ka zaɓe su duka ka bi Edit In ka danna Open as Layers in Photoshop. In Photoshop kawai gare ka, File, Scripts, Load Files into Stack. Za su hau kan juna leya-leya.

Ka zaɓi leyoyin duka, Edit, Auto-Align Layers, ka bar shi a Auto. Ko sitan bai motsa ba sai ka yi wanga saboda numfashin lens da na faɗa. Daga nan ka kwafi leyoyin ka ajiye gefe ka kashe idonsu, za ka neme su. Sai Edit, Auto-Blend Layers, ka zaɓi Stack Images, ka sa alama a Seamless Tones and Colors, ka jira. In laftof ɗinka na da ram 4 zai ja lokaci, ka rufe sauran abubuwa, kuma ka yi sabin kafin ka fara don wuta na iya ɗaukewa.

Abin da zai fito kallon farko zai burge ka, amma ka zuƙo ɗari bisa ɗari ka bi shi lungu-lungu. Photoshop kaifi yake nema, to inda babu kaifi kamar sama da ruwa mai santsi sai ya rikice, ya ɗebo nan ya ɗebo can, igiyar ruwa ta fito a kakkarye. Maganinsa ruwa duka daga hoto ɗaya, sama duka daga hoto ɗaya. Ka ɗauko leyar da ta dace cikin waɗanda ka ajiye, ka kai ta sama, ka riƙe Alt ka danna madannin mas, wato mayafin da ake sa wa leya, ya ba ka baƙi, baƙi ɓoyewa yake fari bayyanawa, sai ka ɗauki burushi fari mai laushin baki ka shafa inda kake son ta fito.

Gaskiya ni yanzu in hotunan ba su wuce huɗu ba kuma ƙasar shimfiɗe take, ba na ma bi ta Auto-Blend. Bayan daidaitawa sai in sa na nesa a ƙasa, na kusa a sama, kowanne da baƙin mas, in shafa da hannu daga gindin hoton zuwa sama, na fi samun tsafta haka kuma na san daga ina kowane yanki ya fito.

Wurin da ya fi wahala shi ne inda abin kusa ya tsaya gaban abin nesa, misali wuyan gora ya ratsa ruwa ko ƙetaren kogi. A hoton da nesa ta fito, goran ya dushe ya kumbura ya rufe ɗan abin da ke bayansa, don haka za ka ga wani siririn dishi ya zagaye bakinsa kuma babu hoton da ke da wurin tas. In siriri ne ka share shi da Clone Stamp a hankali, ka ɗebo daga gefensa. In kana son kauce masa tun a fili, ka koma f/11, ko ka ɗan ɗaga kamara yadda abin da ke bayan goran zai zama ƙasar kusa da shi maimakon can ƙetare. Kara da ciyawa masu tsini da sunka ratsa sama su ne mafi muni, in na ga irinsu nakan canja wurin tsayawa kawai.

Wanda ba ya da Photoshop, Affinity Photo na da New Focus Merge ƙarƙashin File, ya daidaita ya haɗa lokaci guda. Helicon Focus da Zerene Stacker aikinsu ke nan kuma sun fi iya gefuna masu wuya, amma na kuɗi ne. Picolay kyauta ne a Windows.

In ka gama ka yanke gefunan da sunka lalace, ka ajiye PSD mai leyoyi, sannan ka fitar da JPEG. Ƙarin kaifi kaɗan ya isa, hoton dama ya riga ya yi, in ka cika sai ya yi kama da zane. Na Facebook ka rage dogon gefen zuwa fiksel 2048. In za ka tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi duk ƙwayar yashin da ka durƙusa dominta ta tafi.

Kafin ka kai kanka bakin kogi ka gwada a tsakar gida da yamma. Ka ajiye buta santimita 40 daga kamara, turmi a wajen mita ɗaya da rabi, bangon gida a can baya, ka shimfiɗa tabarma daga gaban sitan zuwa turmin domin saƙarta za ta nuna maka daidai inda kaifi ya fara da inda ya mutu a kowane hoto. Ka yi jeri ɗaya a f/8, ka ɗauki hoto guda a f/22, ka haɗa na farkon ka jera su gefe da gefe a sikirin ka zuƙo kan saƙar tabarmar da kan bangon.